Shekarar da Na Ɗora Safiya a Sikelin Nama

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na ba ku labarin yadda kakana ya biyo shanu har ya zauna a Garwa, na ba ku labarin rumfarmu ta kasuwa da yadda na gaje ta, duk don kada in iso nan da wuri. To yanzu ba sauran inda zan kewaya. Makon jiya Safiya ta bugo waya daga Ngawundere ta ce ta je awon ciki an ce jininta ya hau. Tana faɗa tana dariya, kamar wadda aka ce wa ɗankwalinta ya karkace. Da muka gama na ajiye wayar na ce a miƙo mini littafin nan da biro.

Abin da kuka tashi kuka ji a gidan nan iri biyu ne. Na farko, wai na kori mahaifiyata a kan ƙwaryar kunu. Na biyu, wai uwarku Hajara ce ta zuga ni, kuma ƙin shan kunun da ta yi ne ya sa Safiya ta taso 'yar firit, ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara biyu. Ba wanda ya taɓa faɗar haka a gabana, amma ina da kunne, kuma ina ganin yadda kai Bashir kake sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci garin Gidar. Akwai ƙwaryar kunu a labarin, wannan kam gaskiya ne. Sauran sai ku bi ni a hankali.

Sai na fara da shanu, don in ba ku san wannan ba ba za ku gane laifina ba. Mahauci ba a wurin yanka yake cin riba ko faɗuwa ba, a wurin saye ne. Dillalai suna da wata dabara da kowa ya sani kuma kowa yake faɗa mata: kwana ɗaya kafin kasuwa sai su ba bijimi kanwa ya lasa, ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwa har cikinsa ya yi tim. Ka zo da safe ka ga dabba ta cika ido. Akwai kuma shanun da suka daɗe suna kiwo a fadamun Binuwai da wajen Lagdo, hantarsu ta lalace, ruwa ya taru musu a ƙasan haɓa da ƙirji, wanda bai sani ba ya ɗauka ƙiba ce. Tun ina shekara goma sha biyu babana ya kama babban yatsana ya danna a ƙirjin wata saniya, ya ce in cire in duba. Ramin yatsan ya tsaya bai ciko ba. Ya ce in kitse ne zai turo yatsan ya koma yadda yake, in ruwa ne ramin zai zauna, kuma duk dabbar da na ga haka in wuce ta ko kyauta aka ba ni. Daga ranar ban taɓa sayen dabba ban danna ta ba, har abin ya zame mini ɗabi'a. Ko kankana zan saya sai na danna.

Mahaifiyata, wadda kuke kira Inna, ita ma tana da tata sana'ar. A unguwarmu in mace ta haihu Inna ake aikawa a kira. Ba ita ke karɓar haihuwa ba, ita ce mai jego: ita ke dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ta yi wa mai jego wankan safe da na yamma har kwana arba'in, ta dama kunun kanwa, ta haɗa yajin da ake ci da gasasshen nama. Tana da buhun kanwarta na musamman da ake kawo mata daga arewa, ba ta yarda da ta kasuwa ba. Matan Fulani ma da ke da nasu tsofaffin sukan aiko mata. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma son a koya mata aikinta. Tun rasuwar babana take zaune a gidana, a ɗakin da yanzu kuke ajiye buhunan masara, kuma duk abin da za a dafa a gidan nan sai ta ce a dafa. Ita ta yi wa Hajara jegon Bashir da na Nuhu, duka a gida aka haife su, duka suka fito ɓul-ɓul. Saboda haka da ciki na uku ya zo ba wanda ya yi zancen asibiti.

Cikin yana wata shida Hajara ta fara cika. Fuska ta yi fam, zobe ya ƙi fita daga yatsa sai da sabulu, takalmanta suka daina shiga ta koma sa silifas ɗina. Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce jikin hutu ne, ta ce wataƙila ma biyu ne a ciki, ta ƙara himma wajen romon ƙashi da take jefa wa 'yar kanwa don naman ya yi laushi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Matar mahauci ta rame ai abin kunya ne. Ina kawo mata tozo da hanta da kilishi, abokaina a mayanka suna tsokanata wai na fi kula da kiwon gida a kan na kasuwa.

Wata ranar Juma'a ce, cikin zafin nan na bazara da ko kaji ba sa fitowa daga inuwa. Na dawo daga masallaci na tarar da Hajara zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa ta miƙe ƙafafu, Inna kuma tana gefe a kan kujerarta tana tsince shinkafa a faifai. Na tsuguna zan ɗauki buta, sai wasa ya zo mini. Na kama ƙaurin Hajara na danna da babban yatsa.

"Bari in gani ko kin isa kai wa kasuwa," na ce.

"Kai dai ba ka rabo da abin dariya," in ji ta. "Ni kaina ne ke sara tun jiya. In na miƙe sai in ga wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo a idona."

Na cire yatsana. Ramin ya tsaya. Na ɗauki butar, na yi abin da zan yi, na dawo na saci kallon ƙafar, har lokacin wurin bai gama cikowa ba.

Na san abin da na gani. Ina so wannan ya shiga kunnenku da kyau, don shi ne dalilin rubuta babin. Ban san sunan ciwon ba, ban san ana kiransa hawan jini na masu ciki ba, amma na san wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma na san jikin da ya tara ruwa haka akwai abin da ya lalace a cikinsa. Da saniya ce da ban ƙara kallonta ba. Amma Inna tana zaune taku uku daga wurin, wata guda tana yabon jikin nan tana cewa aikin hannunta ne. In na buɗe baki na ce kumburi ne, kamar na ce mata ba ta san mai ciki ba, ita da ta wanke rabin matan unguwa. Sai na ce wa kaina ai mace ba saniya ba ce, na ce wa Hajara ta sha ruwa ta kwanta, zafi ne. Na koma kasuwa.

Allah bai bar ni haka ba, ya aiko mini da tuni. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti mai karɓar haihuwa, Madam Terez, Kirista ce daga mutanen kan dutse, duk Asabar a wurina take sayen nama. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Washegari ta zo, ina yanka mata ta ce:

"Sale, an ce madam naka yana da ciki. Ban gan shi a awo ba."

"Lafiyarta ƙalau, Madam. Har ƙiba ta yi."

"Ƙiba ne ko kumburi?"

Na ƙara mata wata tsoka a kan abin da ta saya, na tambaye ta labarin ɗanta da ke karatu a Marwa. Ta dube ni, ta ɗauki namanta ta tafi. Daga wannan rana zuwa ranar da abin ya faru sati uku ne cif. Kullum in na fita sai in ce yau in na dawo zan yi wa Inna magana, in na dawo sai in tarar ana raha a tsakar gida in ce sai gobe.

Da hantsi ne maƙwabciyarmu ta iso rumfa ba ko mayafin kirki, ta ce in zo, Hajara ta faɗi. Na tarar da ita a bakin madafa tana jijjiga, ta ciji harshe, jini da kumfa a baki. Inna ta riƙe kanta tana tofa addu'a, an kunna turare a kasko, mata suna cewa iska ce. A nan kam ban tsaya neman izinin kowa ba. Motar da ke ɗauko mana nama daga mayanka tana bakin titi, a bayanta muka shimfiɗa tabarma muka sa ta. Da muka isa asibiti Madam Terez ce a bakin aiki. Ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, ta faɗi wata kalma da Faransanci wadda ba ta addu'a ba ce, ta kore ni waje. Suka yi mata allurai jijjigar ta tsaya, likita ya ce ba za a bar cikin ba, in an bar shi za a rasa su duka biyu. Aka sa mata ruwan naƙuda. Washegari kafin la'asar aka haifi Safiya, cikin yana wata bakwai da 'yan makonni.

Da aka ce in shigo in gan ta, Madam Terez ta nuna mini takarda ta ce kilo ɗaya da rabi. Ba sai an yi mini bayani ba. Kilo ɗaya da rabi shi ne abin da mai gida mai matsakaicin iyali yake saye ranar kasuwa, ina ɗaga shi da hannu ɗaya sau hamsin a yini. Fatar jikinta ta yi mata yawa, kukanta kamar na 'yar kyanwa. Na tsaya ina kallo ban ji komai ba sai lissafin nauyi, wannan ma gaskiya ce da ba ta yi mini daɗin faɗa ba.

Madam Terez ta ja ni baranda ta yi mini bayani. Ta ce ciwon nan tansiyon ne na ciki, wato hawan jini, yana zuwa wa mace haka nan, ko matar wane ce, ba wani abinci ne ya kawo shi ba. Amma in jinin ya hau yana matse hanyar da abinci ke bi ya isa wurin yaro, shi ya sa yarinyar ba ta kai ko nauyin watanninta ba. Ta ce da an zo da wuri da an ba da magani an riƙe cikin ya ƙara kwanaki, kuma kowane sati ɗaya a ciki ya fi wata guda a waje. Sannan ta tambaye ni:

"Kai ba ka ga ƙafa nashi ya kumbura ba?"

"Ni a kasuwa nake yini, Madam," na ce.

Ta miƙo mini takardar magani, ta lissafa mini dokoki: ba kanwa ko kaɗan, gishiri ɗan kaɗan, ba wanka da tafasasshen ruwa, don jinin bai sauka ba tukuna kuma zuciya ta gaji. Yarinya kuwa a ɗaure ta a ƙirjin uwa fata da fata, nono kawai, a kawo ta awo.

Kwana goma sha shida suka yi a can. An raɗa suna ba su nan, aka ɗage taron mata sai sun dawo. Ranar da muka dawo na tarar Inna ta shirya tsaf: itace ya kai rabin katanga, babbar tukunya a kan murhu, ganyen darbejiya a jiƙe, buhun kanwa a buɗe. Sati biyu tana jiran ta karɓi aikinta. Na same ta a ɗaki, kuma ga abin da na faɗa mata, kalma da kalma:

"Inna, Madam ta ce a ɗan rage kanwa."

"To, an rage," in ji ta.

Madam ba ta ce a rage ba, cewa ta yi a hana. Ni na sassauta maganar a hanya tsakanin ƙofar gida da ƙofar ɗakin Inna. Hajara kuwa kun san ta, ko guba surukarta ta miƙo mata da hannu biyu za ta karɓa ta ce an gode.

Kwana na uku na dawo da azahar na tarar gida cike da mata 'yan barka, ana rabon ƙauri. Hajara tana zaune a ƙofar ɗaki an fito da ita daga wankan zafi, fuskarta ta sake yin fam, tana numfashi sama-sama kamar wadda ta hau tudu, ga ƙwaryar kunun kanwa a hannunta ta sha rabi. Tsoron da na danne sati shida ya taso mini gaba ɗaya, sai ya fito a matsayin fushi. Na fizge ƙwaryar na watsar da kunun a magudana. Na shiga na jawo buhun kanwar na wurgar ƙofar gida. Sannan na juyo, a gaban mata fiye da ashirin waɗanda yawancinsu Inna ce ta yi musu jego, na ce:

"Wannan abin dillalai ke ba shanu don su kumbura. Kin kusa kashe ta sau ɗaya, ba za ki ƙara ba."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar, ta ɗauraye ta a bakin randa, ta kife. Ta ce wa matan su yi haƙuri su ci abincinsu kada ya huce. Bayan kwana biyu ta ɗaure kayanta ta ce za ta je Gidar duba Yaya Hamidu, wana. Na raka ta tasha, na ɗora mata kaya a mota, ba ta ce mini kanzil ba sai "a gaida yara". Hana kunun daidai ne, ko yau aka sake zan hana. Hajara ta koma kan maganinta, kumburin ya sace, numfashi ya daidaita. Amma rabin maganar da na faɗa a tsakar gida ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita daga bakina.

Daga nan sai aka shiga doguwar shekarar da ba ta da wani labari sai jira. Safiya ba ta iya tsotso sosai, sai Hajara ta tatsa a kofi ta ɗiga mata da ƙaramin cokali, yini guda ana abu ɗaya. A asibiti suna auna ta su sa ɗigo a wani kati mai layuka da suke kira karne, amma ni ba na iya jira daga wannan awo zuwa wancan. Sai na ɗauko tsohon sikelin babana mai faranti biyu, wanda na daina aiki da shi a rumfa. Na wanke shi da toka da ruwan zafi sau uku, na shimfiɗa zane a faranti, na auna zanen daban don in cire nauyinsa. Kowace Juma'a da safe kafin ta sha nono sai in ɗora ta, in jera duwatsun awo a ɗaya farantin. Matan unguwa suka ɗauki abin da zafi. Suka ce ba a ɗora ɗan mutum inda ake ɗora abin da aka yanka, mugun fata ne. Na ce su yi ta faɗa, ni sikeli ne kaɗai abin da bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wani satin ta ƙaru da nauyin ƙwai ɗaya, wani satin ba ta motsa ba in yini ba na iya cin abinci. Ranar da dutsen kilo biyu ya daidaita da ita na fita ƙofar gida ina gaya wa duk wanda ya wuce, har da mai sayar da gawayi. Daga nan sunan Kilo-biyu ya bi ta, wanda har yau yayyenta ke kiranta da shi in suna son ta yi fushi.

Amma girma bai zo da sauri ba. 'Ya'yan da aka haifa bayanta suka zauna ita ba ta zauna ba, suka yi rarrafe tana kwance tana kallonsu da manyan idanu. Ta shekara ɗaya ana ɗauka 'yar wata shida ce. Duk mura sai ta kama ta. Magana ta zaga unguwa cewa nonon Hajara ba shi da ƙarfi saboda ba ta sha kunun kanwa ba, kuma ita ta sa aka kori tsohuwar da za ta gyara ta. A gidan biki ana faɗa, a bakin famfo ana faɗa. Hajara ta daina zuwa taro. Wata rana na same ta tana kuka a madafa ta ce mini:

"Malam, ko dai gaskiyarsu ne? Ko in sha ɗin a ɓoye?"

Na ce kada ta kuskura, na kai ta wurin Madam Terez. Madam ta buɗe karne ta bi ɗigon da yatsa ta ce:

"Kar ka duba yaron maƙwabci, ka duba layi nashi. Yana hawa ko ba ya hawa? Yana hawa. Irin wannan yara suna fara tafiya a baya, da yawa suna kamo sauran. Nono naka lafiya lau."

Wannan ya kwantar mata da hankali na ɗan lokaci. Abin da zai kwantar mata da shi gaba ɗaya yana bakina, cewa ƙanƙantar yarinyar ta samo asali ne tun a ciki, a cikin sati ukun da na yi shiru. Ban faɗa ba. Na bar ta ta ɗauki kayan da ba nata ba, ni kuma ana yabona a matsayin uban da ya damu da 'yarsa har yana auna ta.

Safiya ta taka ƙasa tana da wata ashirin da biyu, ta taso daga jikin turmi ta nufi akuya. Ba a yi wata ba na ɗauke ta, ni da ita kaɗai, muka hau mota zuwa Gidar. A tsakanin nan na je sau huɗu ina ba Inna haƙuri tana cewa ba komai, amma ba ta dawo ba. Na ɗauka in ta ga yarinyar a tsaye za ta huce. Muka same ta a inuwar mangwaro a gidan Yaya Hamidu, ta rame, tana ɓare gyaɗa. A can ba wanda ya san ta da jego, ba mai aikowa a kira ta. Na sauke Safiya, ta yi taku biyar ta faɗa jikinta. Inna ta ɗaga ta da hannu biyu ta jijjiga ta sama kaɗan, yadda ake gwada nauyin ƙullin gari.

"Ba nauyi," ta ce. "Amma ƙashin yana da kyau."

Ta zaunar da ita a cinya, ta tauna gyaɗa ta sa mata a baki. Na fara jero maganar da na shirya a mota, cewa ɗakinta yana nan an yi masa sabon daɓe. Ta katse ni.

"Sale, ranar Juma'ar nan da ka danna ƙafar yarinyar nan, ina zaune."

Na ce na sani.

"Shekara arba'in ina auren mahauci. Na ga ramin, na kuma ga fuskarka. Na ce a raina, to, zai yi magana, shi ne mai gida, shi ya san wannan. Da ka wuce ba ka ce komai ba sai na ce ashe ba wani abu ba ne, tunda wanda ya sani bai damu ba. Na ci gaba da abin da na iya."

Ta ɓare wata gyaɗa ta ci gaba.

"Da ka shigo ɗaki ranar ka ce, Inna, wannan ruwa ne, da ni zan ɗauki mayafi in raka ta. Ka ɗauka ban san girman rai ba? Ka yi shiru lokacin da magana za ta yi amfani, sannan ka zo ka yi ta a gaban mata."

Ta goge wa Safiya baki da gefen zane, ta ce in je in gaida wana. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta kafin mu taho, amma ta ce zaman Garwa ya ƙare mata, ba za ta iya haɗa ido da matan nan ba. Shekara huɗu bayan haka ta rasu a Gidar. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gaya mini ba, ko Yaya Hamidu, ta bar mini shi in faɗa da kaina. Na kai shekara ashirin da wani abu ban faɗa ba.

Safiya ta kamo sauran kamar yadda Madam ta ce, ko da yake ba ta yi tsawo ba, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ta baki. Ke Safiya, in wannan ya iso gare ki, abin da aka gaya miki a awo ba abin dariya ba ne. Ki sha maganin, ki koma duk ranar da suka ce, in kanki ya sara ko kin ga ƙyalƙyali a ido kada ki jira mijinki ya dawo daga tashar jirgi. Na riga na yi masa waya na gaya masa inda zai danna da abin da zai duba, na kuma ce masa in ya gani ya faɗa a ranar, ko wa ke zaune a wurin.

Saura abu ɗaya. Uwarku ba ta iya karatun boko ba, kuma har yau ba ta san na ga ramin nan ba. Jiya ma da aka yi zancen cikin Safiya sai da ta ce Allah ya sa kada yarinyar ta gaji rashin ƙarfin nononta. Bashir, kai ne babba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka zo ka karanta mata wannan babin a ƙarƙashin rumfa, da ni a zaune. In ka iso wurin yatsan, ko na ce ka tsallake, kada ka tsallake.